Dawar Gwaggo ta Koki

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Kano, ni da ƙanina, daga ƙauyenmu na bayan Ɗambatta. Iri na tafi roƙo. Gonar da mahaifinmu ya bar mana ta yi shekaru tana ba mu kunya, bana ma zangarniyar dawarmu ba ta fi tafin hannu ba. Yayanmu ya ce shi ya gaji, sayar da ita za a yi wa masu yanka filoti. Ni kuwa na kafe a kan laifin iri ne, kaurarmu ta gado ta tsufa. Ana cikin wannan rigimar aka turo mini hoton wata dawa a gidan gwaggonmu da ke aure a unguwar Koki cikin birni, ta zarce katanga, kanta kamar cinyar rago.

Kuɗin mota ya kusa ninkawa, amma direba bai fasa cusa mu huɗu a kujerar mutum uku ba. Duk hanya gonaki nake leƙe, wata ta yi kyau, ta kusa da ita ta yi ja ta tsumbure. Adaidaita ta ajiye mu a Ƙofar Wambai, muka ci gurasa da ƙuli a tsaye, yajin ya sa ƙanina hawaye yana rantsuwar wai hayaƙi ne. Daga nan muka kutsa lungunan Koki, muna raɓewa masu baro.

Bayan gaisuwa da waina da miyar taushe, Gwaggo ta kai mu kangon bayan ɗakinta. Wallahi sai da na ja da baya. Hoton nan rage mata girma ya yi. Na kama kai ɗaya da hannu biyu, ƙwaya ta cika fam, ba ko gurbi. Na tambaye ta daga ina aka samo wannan iri, a raina ina cewa ko daga ƙasar waje ne zan bi shi.

Ta dube ni ta ce, "Kai dai har yanzu ba ka da wayo. Taku ce. Buhun da kuka aiko mini bara na sheƙe a nan, abin da ya zube ne ya tsiro."

Na yi salati. Na murje ƙwayar a tafin hannu, na tauna. Kaurarmu ce, wadda na yi shekara uku ina zagi a majalisa. Kunya ta kama ni, ga ƙanina yana dariya har da riƙe ciki.

Ashe tun tana amarya a kangon nan ake ɗaure awaki, nan ake zuba tokar murhu. Na tona da yatsa, ƙasar baƙa wuluk, ga laushi. Can jikin bango, inda ƙasa ta yi tauri kuma rana ba ta sauka, tsiro biyu na irin nan sun tsaya iya ƙuguna. Ga kuma wata jar dawa da ta zube daga abincin kaji, a kan takin ɗaya take, amma kanta ƙarami, a wargaje. Wato shi ma iri da iyakarsa, taki bai mai da jar nan kaura ba.

Gwaggo ta tambaye ni yaushe rabonmu da kai wa gonar taki. Ta ce zamanin mahaifinmu da jakuna ake zuwa kwasar sharar birni, kuma Fulani na kwana da shanu a gonar bayan girbi. Mu kuwa kara da harawa ma sayarwa muke yi, mu bar ta fayau. Nan take na roƙe ta takin awakin, ta ce mu kwasa.

Da la'asar muka juyo a bayan a-kori-kura, zaune a kan buhunan takin awakin Gwaggo, masu babur na toshe hanci in sun zo wuce mu. Abin da na koyo shi ne a tona ƙasa a duba kafin a zagi iri.

Mun tarar da Yaya a ƙofar gida, ya ce ina irin. Na kwance bakin buhun taki, na ajiye masa zangarniyar da na yanko a kangon Gwaggo a kan takin, na ce tamu ce. Ya daɗe yana jujjuya ta, sannan ya ce a gaya wa masu filoti su dakata sai baɗi.