Ranar da Motocin Tsere Suka Yi wa Kyauta Sussuka

Kyauta gajeruwa ce kamar turmi, amma bakinta ya fi ta tsawo. Tun rasuwar mijinta take noma ita kaɗai a bayan Kontagora, daidai kwanar da kowane direba ke taka birki.

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, dawarta ta yi kyau, sai kafaɗarta ta riƙe. Taɓarya ta gagare ta, ga gara ta fara cin dammunan.

Ana nan aka yi shela cewa motocin tsere za su ratsa garin ranar Asabar. Maza, kun san su, suka ajiye aiki suka kama gardama. Malam Irmiya na firamare ya ce ƙasar da ba ta gama haƙa rijiya ba, ina ita ina wasan mota?

"Mota nawa ce, Malam?" in ji Kyauta.

"Arba'in, Iya. Duk asarar mai."

"Taya nawa ke nan? Kai ne mai boko."

Ranar Asabar ta jawo dammunan da hannu ɗaya, ta baza zangarniya a kwanar, ta koma gindin kaɗanya. Motocin suka zo da ruri, kowace ta rage gudu, ta murje dawar, ta wuce. Kafin azahar an gama sussuka. Maƙwabta suka taya ta shara da shiƙa, buhu shida cif.

Da Malam ya zo da labarin wanda ya ci tseren, ta ce, "Bawan Allah, kofi aka ba shi, ko fura babu a ciki. Tambayo min, baɗi ma za su zo?"