Neman Koriyar Shinkafa Daga Kano Zuwa Bunkure

Kano, 5:40 na asuba

Muna idar da sallah muka cika bas ɗin kamfaninmu na fim a titin gidan Zoo, mu tara da kyamara ɗaya. Fim ɗina na farko ke nan, kuma duk rabona a ciki waƙa ɗaya ce tal. Mun ɗauki rabinta a wata gonar shinkafa koriya shar a Kadawa, sai jarumin ya kwanta rashin lafiya mako biyar. Darakta ya ce in ba a ƙarasa yau ba zai cire waƙar. Wato ya cire ni.

Kura, 6:50

Kilomita talatin da ɗoriya, shingen 'yan sanda ɗaya. Aka sayi koko da ƙosai na naira talatin-talatin. Ni ban iya ci ba. Na jingina da taga, ina ganin kaina a talabijin ɗin Innarmu, maƙwabta sun cika tsakar gida.

Kadawa, 7:30

Inna lillahi! An yanke shinkafar, shanu ne ke kiwo a wurin. Malam Habu direba ya tuntsire da dariya.

"Kai, 'yan birni! Kun ɗauka shinkafa labule ce, za ta tsaya jiranku?"

Na fashe da kuka, hoda ta caɓe. Wata Bafulatana mai tallan nono ta dube ni.

"Share hawaye, ƙanwata. Ku bi kanal ɗin ban-ruwan nan har ƙarshensa. Manoman can ruwa ba ya isa gare su da wuri, shukarsu baya take."

Bayan Bunkure, 11:15

Muka bi ruwa a hankali, yana ta ƙanƙancewa, balbelu na tashi a gabanmu. Can sai ga kore, iska na kwantar da shi tana tayarwa. Wallahi na zaci barci ne ya sace ni.

Darakta ya russuna wa mai gonar, wani dattijo, Baba Idi.

"Baba, aron gonarka muka zo."

Ya yi murmushi ya dube ni. "Kullum sai kowa ya ƙoshi sannan ruwa ke iso mini. Ashe ke nake jira, 'yata. Ku bi kan kunya dai, kar ku taka shuka."

Aka kunna waƙar a rikoda, na fara rawa. Na manta da rana, na manta da kyamara, har sai da aka ce ya isa.

Gida

Da kiran magariba muka shigo Kano lafiya, alhamdu lillahi.

Da kaset ya fito na aika wa Baba Idi ta hannun Malam Habu. Ya dawo jiki a sanyaye: ruwa ya ɗauke kafin shinkafar ta nuna, ko buhu guda dattijon bai samu ba. Amma ya sa an maimaita masa waƙar sau uku a gidan kallo, yana nuna wa mutane da sanda.

"Ku duba, gonata ce. Wallahi ta yi kyau."

Na gode, Baba. Allah ya mayar maka da alheri.