Malamin Da Ba Ya Ji

Shekara talatin da ɗaya Malam ya yi yana koyar da lissafi a makaranta ɗaya, kuma duk wanda ya bi ta hannunsa da Murɗe yake kiransa, a bayan idonsa dai. Sunan ya samo asali ne daga yadda yake kama kunnen yaro da yatsu biyu ya juya kamar mai buɗe famfo. Ba za a ce mutumin kirki ne ba. Amma ajinsa tsit yake, sai ƙarar alli a jikin allo.

Dabararsa ɗaya ce. Ba ya ɗaga murya. Ƙasa-ƙasa yake bayani har sai kowa ya kasa kunne, sannan ba zato ya nuna wani da alli ya ce, "Kai, maimaita abin da na faɗa." Wanda ya kasa, kunnensa zai yini yana raɗaɗi, a katin sakamakonsa kuma a rubuta masa da jan biro: ba ya ji. Yara nawa iyayensu suka zane saboda kalmomin nan uku, Allah kaɗai ya sani.

To, sai ga shi kunnen Malam ya fara tafiya. Na hagu ne ya fara, na dama ya bi shi a hankali. Matarsa ce ta fara lura, ranar da ta kira shi sau huɗu daga bakin ƙofa bai ɗago ba.

"Malam, don Allah mu je a duba maka kunnen nan."

"Lafiyata ƙalau. Ke ce kike magana ciki-ciki."

Amma ya sani. Saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma babu abin da yake tsoro kamar a karɓe masa aji a ce ya je ya huta, shi da ake misali da shi wajen riƙe yara. Sai ya koyi kallon leɓe. Ya daina yin tambayar da bai san amsarta ba. In ana hira a ofishin malamai ya ga an yi dariya, shi ma ya yi.

Manya ya iya ruɗa. 'Yan aji uku kuwa, sati biyu ya ishe su. Da ya juya yana rubutu, wani zai ce "Murɗe" a hankali. Washegari da ɗan ƙarfi. Kafin wata ya cika, waƙa suke rera masa a ƙeya, da ya waiwayo ya tarar da fuskoki arba'in kamar na salihai.

Ana haka sababbin malamai uku suka kai wa shugabar makaranta kuka, wai yara ba sa saurarensu. Ita ko ba ta san komai ba, ta kwaso su zuwa aji uku.

"Ku zauna a baya ku ga yadda ake yi," in ji ta.

Malam ya ji daɗi har cikin ransa. Ya gyara hula, ya yi darasin rabawa cikin muryarsa ta ƙasa-ƙasa, sannan ya nuna wata doguwar yarinya a layin ƙarshe. Bai tuna ba, amma yayanta har yau kunnensa na ruwa tun wata murɗa da ya sha a ajin nan. Da ba a gaban baƙi ba ne, da ya matsa kusa don ya ga bakinta sosai. Girman kai ya tsayar da shi a gaban allo.

"Ke, maimaita abin da na faɗa."

Ta miƙe, hannu a baya, kai a ɗan sunkuye, ladabi kamar ba ita ba. Ta ce da ƙarfi, kalma bayan kalma, "Malam kurma ne. Idan aka raba kunnen Malam gida biyu, babu abin da kowa zai samu."

Ya ga baki ya motsa daidai tsawon abin da ya faɗa. Ya gyaɗa kai.

"Da kyau. Zauna." Ya dubi sababbin malaman. "Kun gani? Haka ake yi. Yaro in ya san za a tambaye shi, dole ya ji."

Sai ya ga kafaɗu na rawa. Ya ga bakuna a wangame, wani yana dukan tebur, wata ta faɗa jikin ƙawarta. Ɗaya daga cikin malaman ya rufe fuska da littafi. Ƙarar ta iso masa can nesa, kamar ruwan sama a rufin maƙwabta. Ya daure ya ƙarasa darasin.

Bayan an tashi shugaba ta kira shi ofis. A shekaru ya haife ta, kuma kunya ta hana ta kallon idonsa, don haka ta yi ta magana kanta a kan takardu. Ko leɓenta bai gani ba. Ya dinga gyaɗa kai, da ya ga ta yi shiru ya ce, "Ba komai, ranki ya daɗe. Duk ranar da kike so ki sake turo su."

Ta ɗago ta dube shi na ɗan lokaci. Sannan ta jawo farar takarda, ta yi rubutu da manyan baƙaƙe, ta turo masa: daga Litinin ɗaya daga cikin sababbin malaman zai karɓi aji uku, shi kuma zai koma kula da ɗakin ajiyar littattafai.

Ya karanta sau biyu. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tambaye ta tun yaushe yaran suka san ba ya ji.

Ta ba shi amsa, kanta a sunkuye.