Noel Sau-Biyu da Bindigar Ubansa

Shekara talatin da ɗaya Noel Pukallus ya yi yana auna danshin gyaɗa a rumbunan garin Kingaroy. Mota ta shigo da lodi, ya ɗebi samfur, ya auna, ya rubuta. Sannan ya sake aunawa. Direbobi suna zaginsa ƙasa-ƙasa, shi ko a jikinsa. Daga nan aka laƙaba masa Sau-Biyu. Ƙofar gida sau biyu yake duba ta, murhun gas sau biyu. Matarsa Glenys ta ce ranar aurensu sai da ya juya mota daga bakin coci don ya tabbatar ya kashe dutsen guga.

Ni sunana Col. Da injinan girbin gyaɗa na fara, da bayana ya gaji da kwanciya a ƙarƙashinsu sai na nemi lasisin gyaran bindigogi na koma cikin shago. Ba na son dogon surutu. In mutum ya shigo yana ba ni labarin bajintar bindigarsa, ni ƙarfen nake kallo.

Uban Noel, tsoho Herb, ya rasu a watan Yuli, lokacin sanyinmu a nan. Abin da ya bar masa bai taka kara ya karya ba, sai wata ƙaramar bindiga mai cin harsashi ɗaya, Martini, irin wadda aka raba wa 'yan makaranta su koyi harbi tun kafin yaƙin duniya na farko. Noel bai taɓa mallakar bindiga ba. Ya je ya yi kwas, ya samu lasisi, ya yi zaman jiran takardar 'yan sanda, sannan ya kawo mini ita a naɗe cikin bargo kamar jinjiri.

Na duba. Bututun ya mutu, zanzaro ya yi gida a ciki, tsatsa ta cinye sauran. Ƙotar ta tsage. Amma uwar bindigar, wato gidan ƙarfen da ake ɗaura bututu a jikinsa, lafiyarta ƙalau. A samanta akwai ɗan tambarin kangaru, bai fi ƙumbar yatsa ba. Noel ya ɗora babban yatsansa a kai.

"Nan Baba yake shafawa in zai yi harbi," ya ce. "Ina so ta sake tashi, Col. Ni zan sassaƙa ƙotar da hannuna, akwai katakon tsohon gadonsa. Kai ka yi ƙarfen."

"Wane harsashi za ta ci?"

"Akwai zaɓi ne?"

Da na san abin da tambayar nan za ta jawo, da na zaɓa masa na yi shiru.

Uwar Martini ƙarama ce, harsashin manyan bindigogi ba ya shiga cikinta. Mutanenmu harsashin fistol suke sa mata. Uku ne aka fi sani: talatin da takwas, uku-biyar-bakwai, da arba'in da huɗu. Na gaya masa haka. Na kuma gaya masa uwar bindigar guda ɗaya ce, ba ta da ta biyu, kuma abin da na yanke daga jikinta ba zan iya mayarwa ba. Ya rubuta a ɗan littafinsa, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ranar Lahadi ya bi ni kulob. A kulob ɗinmu dabbobin ƙarfe muke harbi: kaji a kusa, sai aladu, sai talotalo, sai raguna can a mita ɗari. Samun dabba ba shi ne ci ba, sai ta faɗi. In ka sami rago ya yi ƙara ya tsaya, ba ka da komai, sai dariyar mutane.

Merv Dahlke yana bakin murhu yana juya sosej. Ƙato ne, direban babbar mota, yana cikin waɗanda Noel ya sha tsayarwa a layi.

"A'a, Sau-Biyu! Me ya kawo ka? Danshin ragunan za ka auna mana?"

Noel ya yi murmushin dole, ya faɗa masa zancen bindigar.

"Arba'in da huɗu," in ji Merv, ko tunani bai yi ba. "Kada ka bari tsohon nan ya ruɗe ka da harsashin tsuntsaye. Ragon can na uku, ka gan shi? Taurin kai gare shi kamar surukata. Ka harbe shi da ƙaramin abu, sai ya kalle ka ya ce sannu da zuwa. Herb namiji ne, ka yi masa bindigar maza."

Wannan kalmar ta ƙarshe ita ta shiga Noel. Na gani a fuskarsa.

Mako uku yana zuwa shagona. Da safe ya zo ya ce arba'in da huɗu, da la'asar ya bugo waya ya ce in dakata. Ya kawo takardun da ya buga daga intanet, wani a Amurka ya ce an yi lafiya, wani ya ce tasa ta kumbura. Ya tambaye ni wanne ne mai gaskiya. Na ce ban san ko ɗayansu ba, ban ga hannunsu ba. Glenys ta aiko mini da biredin kabewa da saƙo: mijinta ya daina cin abincin rana, yana zaune a gareji yana kallon ƙarfe, in taimaka in raba shi da wannan masifa.

"Kai dai faɗa mini," ya ce wata rana. "Za ta ɗauki arba'in da huɗun ko ba za ta ɗauka ba?"

"An yi. Na ga waɗanda suka yi shekaru lafiya. Na ga ɗaya da ba ta yi ba."

"Wannan ai ba amsa ba ce, Col."

"Dawo gobe."

Na ɗauki guntayen ƙarfe biyu daga kwandon shara, na fiƙe su a inji daidai kaurin gindin bututun da ke shiga uwar Martini. Bai fi babban yatsa ba. Na yanka musu tiredi, wato zaren murɗawa irin na jikin noti. Ɗaya na huda masa ramin uku-biyar-bakwai, ɗaya na arba'in da huɗu. Da ya zo na zuba masa su a tafin hannu, na koma kan aikina.

Ya daɗe yana juya su. Na farkon yana da nama a kewayen ramin. Na biyun, tsakanin rami da ƙasan tiredi, abin da ya rage ɗan siriri ne, kana kallo gabanka na faɗuwa.

"Ba za a iya ƙara wa bututun kauri ba?"

"Za a iya. Sai in faɗaɗa ramin uwar."

"Daga ina za ka ci ƙarfen?"

Na nuna masa. Daidai ƙarƙashin kangarun.

Ya janye bindigar zuwa ƙirjinsa kamar na ce zan ƙwace. Ya zuba guntayen a aljihu ya fita, ko sallama babu.

Bayan kwana shida ya dawo da fara'a, karo na farko da na ga haƙoransa tun rasuwar Herb. Ya buɗe littafinsa a kan teburina. Ya jera lambobin uku daga ƙarama zuwa babba, yadda ya saba jera danshin gyaɗa: .357, sai .38, sai .44. Ya zagaye ta tsakiya da jan biro.

"Na samo mafita. Arba'in da huɗu ta yi yawa, na yarda. Amma ba sai na sauka har ƙasa ba. Talatin da takwas ta fi uku-biyar-bakwai girma, ka ga ai ragon Merv zai ji a jikinsa, kangarun Baba kuma ya zauna lafiya."

Na ajiye abin da ke hannuna. Na gaji, amma ban yi dariya ba. Na zaro kan harsashi ɗaya daga kowane kwali, guda uku, na miƙa masa ma'aunina.

"Auna."

Ya auna na uku-biyar-bakwai. Ya rubuta. Ya auna na talatin da takwas. Ya tsaya. Ya goge ma'aunin da gefen rigarsa, ya sake aunawa.

"Ɗaya ne."

"Ɗaya ne. Kauri ɗaya, rami ɗaya. Talatin da takwas ɗin ma ita ce mai rauni, kwansonta gajere ne, albarushinta kaɗan. Auna na ukun."

Arba'in da huɗu ta ba shi arba'in da uku, da ƙyar ma.

Mutumin nan duk rayuwarsa lamba ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Mutane sun yi, direbobi sun yi, manoma sun rantse masa gyaɗarsu ta bushe, amma lamba tana nan inda ya bar ta.

"To me ya sa suke rubuta talatin da takwas a kwali?"

"Suna ne kawai. Ka tambayi Amurkawa."

"Saura kaɗan in cike takardar 'yan sanda da ita, Col. Da na sa ka yanka a kan ƙarya." Ya ɗaga kwalin ya kalle shi. "In abin da ke jikin kwali ba gaskiya ba ne, me zan riƙe?"

"Abin da ke hannunka."

Ya kalli ma'aunin. Na ƙara masa abu ɗaya, shi ma don ya zama dole: ramin uku-biyar-bakwai yana cin gajeren harsashin ma. Mai laushi don kaji, mai ƙarfi don raguna. Kuma ba zan taɓa uwar ba, sai ɗan ƙarfen da ke fizgo kwanso, shi ma shafar zarto kaɗan.

Ya auna dukkansu sau ɗaya kuma. Sannan ya soke jan da'irar, ya zagaye ta farko.

Ranar da na yanka sabon bututun yana tsaye a bayana, numfashinsa a wuyana. Sau biyu ya ce in dakata. Na farko na dakata. Na biyu na ce masa ya fita ya sha shayi ko in kulle shagon. Ƙotar kuwa ya yi ta da kyau, ba zan ɓoye ba. Wata biyu yana gogar katakon gadon nan. Hannunsa ya fi bakinsa sanin abin da yake so.

Sabuwar bindiga ba a fara harba ta a kafaɗa. Ɗaure ta ake yi a jikin tsohuwar taya, a sa wa kunamar doguwar igiya, a koma bayan mota a ja. Mun je filin kulob ranar Laraba da hantsi, babu kowa sai hankaki. Na ɗaure, na sa harsashi mai ƙarfi, muka tsuguna bayan a-kori-kurata.

"In ta fashe fa?"

"Shi ya sa muke bayan mota."

"Ba kaina nake ji ba."

"Na sani."

Na kama igiyar. Ya riƙe mini hannu.

"Ni na zaɓa. Ba ni igiyar."

Na sakar masa, ya riƙe ta. Ya yi kusan minti guda a haka. Sai ya runtse ido ya fizga.

Ƙarar ta tashi, hankakin suka watse, ƙura ta ɗan tashi a jikin tudun. Na miƙe, shi yana nan a tsugune. Na je na danna libar da ke buɗe bindigar, kwanson ya faɗo tafina da ɗuminsa. Na kawo masa da ma'auni. Ya auna gindinsa, ya auna tsakiyarsa, ya juya shi a rana yana neman tsaga. Babu. Sai a lokacin ya tashi ya je ya ɗora yatsa a kan kangarun. Ya daɗe a sunkuye. Na tafi duba tayar motata, ko da yake babu abin da ya same ta.

Lahadi ya tsaya a layi. Kaji ya samu huɗu cikin goma, da gajeren harsashi. Da aka zo raguna ya sa dogon. Na farko ya kuskure, na biyu ya kuskure. Na ukun ya same shi a ciki, ƙarfen ya yi ƙara, ragon ya yi tangaɗi baya, ya dawo ya tsaya daram.

Merv ya kusa faɗawa cikin murhu don dariya.

"Me na gaya maka, Sau-Biyu! Ragon ya ce yana gaida Glenys! Sake harbinsa mana, ai ka saba!"

Kowa ya yi dariya. Kunnuwan Noel suka yi ja. Na zaci zai juyo ya kalle ni, irin kallon nan na kai ka jawo mini. Bai juyo ba. Ya danna liba, ya tare kwanson kafin ya taɓa ƙasa, ya duba shi, ya sa a aljihu.

"Ragon kulob ne, Merv," ya ce, ba da ƙarfi ba. "In ya ga dama ya kwana a tsaye."

Ya shafa kangarun, ya sa wani harsashi. Ranar rago ɗaya ya kayar, na bakwai.

Shekara biyu ke nan. Ragon nan na uku har yau bai faɗi a hannunsa ba, Merv kuma bai gaji da faɗa ba. Kada a ce Noel ya warke, bai warke ba. Duk Litinin da safe sai ya shigo da kwansunan da ya harba, a cikin robar askirim, ya riga ya auna su a gida. Ya ajiye a kan teburina ya tsaya. Aiki ya yi mini yawa, idona ma ya fara gajiya, kuma na san abin da zan gani. Nakan ɗauki ma'aunin in auna masa.