Malam Halilu Mai Gyara Karatun Wasu

A zamanin shugaba Ahijo, nan unguwar Birikiteri, ba wanda ya kai Malam Halilu iya koyarwa, in dai a makarantar wani ne. Tasa kuwa kullum raguwa take, yara na komawa wurin Malam Sha'aibu na unguwar Nkomkana.

Ran nan Malam Halilu ya kwashi ragowar ɗalibansa zuwa makarantar Malam Sha'aibu, wai su je su ga yadda ake ɓata karatu. Ya zauna ya saurara har aka tashi, sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, karatunka ba laifi, amma ba ka duka. Yaro ya tsallake aya, kai kana murmushi?"

Malam Sha'aibu ya yi godiya. Yaran ma sun ji sarai. Washegari duk suka ɗauki allunansu, suka nufi Nkomkana.