Rabin Duro a Gidan Surukai

Masana sun cika littattafai da labarin abubuwan da suka ci mutane: yaƙi, yunwa, annoba. Har yau ban ga wanda ya rubuta ko shafi ɗaya a kan rabin duro ba. Ni kuwa, ko na manta duk abin da na karantar a aji, ba zan manta da shi ba.

Bayan girbin shinkafa ne muka tashi daga Nasarawa, a Birnin Kebbi, zuwa Argungu gaishe da surukaina, ni da matata da 'yarmu ta fari, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Gidan masunta ne, bayansa gulbi. Tun a mota nake yi wa matata lacca a kan gulbin, har ta yi barci.

Da isarmu na gaishe da surukata daga bakin zaure, kaina a ƙasa, na roƙa kada a bar yarinyar ta nufi ƙofar baya.

"Malam, mi kaka tsoro?" in ji ta. "Ɗiyar Kabawa ta. Ruwa bai cin namu." Amma ta sa aka kulle ƙofar, don a rabu da ni.

Sai kowa ya kama matsayinsa. Ni suruki ne, iyakata zaure. Matata kuwa a gaban iyayenta ba ta ɗaukar 'yar fari, ba ta kiran sunanta, ba ta ko kallon inda take. Kunya ke nan, har yabon ta ake yi. Kakar tana turara shinkafa, ta ɗauka yarinyar na hannun ƙannen matata. Su kuma sun ɗauka tana wurina. Gida cike da masu son ta, babu mai kallon ta.

Daga baya matata ta faɗa mini ta lura ba ta jin motsin yarinyar, amma nauyin tambaya a gaban mahaifiyarta ya hana ta. Da abin ya ishe ta, ta zo bakin zaure kamar mai neman buta.

"Tana wurinka?" ta ce a hankali.

"Ba tana wurinku ba?"

Ban san lokacin da na keta tsakar gidan da ban taɓa takawa ba. Na nufi ƙofar gulbi, tana kulle. Ina juyowa na hango ƙafafu biyu a sama, bayan rumbu, cikin rabin duron da aka jiƙa shinkafa. Ba kuka, ba motsin ruwa. Na fizgo ta, jiki a sake, ƙaiƙayi manne a fuska. Uwar ta ƙwala mata kira da sunanta, a gaban kowa. Can ta yi tari, ta amayar da ruwa, ta tsala kuka. Faɗawarta ke nan, ashe. A asibiti aka ce mu gode Allah.

Da muka dawo, surukata ta ce, "Ashe Malam ya san hanyar cikin gida." Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Abin da na koya shi ne, ɗa na kowa ne, amma inda ruwa yake, ko na bokiti ne, sai a faɗi da baki wanda ke riƙe da shi, ko kunya za ta mutu. Na yi ta maimaita wannan a gidajen suna, har mutane na sauya tabarma in na zauna. Na gaji.

Kafin mu bar Argungu na sa maƙeri ya yi wa duron murfi mai nauyi. Bara na je. Duron a buɗe, murfin kuma ana shanya kuɓewa a kai.