Shekarar da Muka Bar Zogale Ya Yi Fure

A gidanmu na Sabon Gari, nan Maraɗi, ba a barin ganye ya tsufa. Haka na taso na gani a wurin Inna, mahaifiyata, haka kuma na riƙe. Zogale na ɗaga kai za a datse shi, don in ya yi tsawo ya fi ƙarfin hannu, in ya yi fure kuma ganyen ya ragu. Ɗoɗɗoya na fara fitar da kai za a tsinke. Yakuwa da rama da lalo duk tun suna da taushi suke shiga tukunya. Mace mai kula ke nan a wurinmu. Wadda ta bar shukarta ta yi fure haka kawai, sai ka ji ana cewa, “Wance ai raguwa ce.”

Bayan rasuwar Baba ne Inna ta baro Tsibiri ta dawo wurina. Kayanta ba su da yawa: akwatin tufafi, tabarma, buta, sai wani ƙullin tsumma da ta hana kowa ya taɓa, har da ni. Irin kabewa ne a ciki. Daga hannun mahaifiyarta ta karɓe shi, ita ma daga hannun tata uwar. Kabewa ce mai dogon wuya, cikinta ja jawur, in aka yi taushe da ita ba a neman nama. Sauran matan dangi sun bar nasu irin ya ɓace, sun koma saye a kasuwa, gidan Tsibirin kuma yayana ya yi gini a inda take yaɗo. Abin da ke cikin tsumman nan shi ne ya rage a duniya, kuma bai wuce cikin tafin hannu ba.

Tsakar gidanmu siminti ne, sai wani ɗan fili a bayan ɗakin da nake ɗinki, inda na dasa zogale da kayan miya. Nan Inna ta shuka kabewarta da damina ta sauka. Ta fito kuwa, ta yi yaɗo ta hau rumfar da maigidana ya kafa mata, ta yi furanni manya ruwan ɗorawa. Wasu furannin da ɗan ƙululu a gindinsu, wanda shi ne zai zama kabewa. Kullum da safe Inna sai ta je ta lallaɓa su. Bayan 'yan kwanaki sai ƙululun ya yi laushi, ya ƙanƙance, ya faɗi. Haka aka yi ta yi har kaka ta shigo, ko guda bai tsaya ba.

Inna ta ce ƙasar birni ce ba ta da albarka. Da wata daminar ta zagayo muka sa aka kawo taki daga Tsibiri a amalanke, aka sake shukawa. Yaɗon ma ya fi na bara kyau, amma 'ya'yan suka sake zubewa. Sai ta ce baki ne, maƙwabta na leƙowa ta katanga suna yabawa. Ni dai na gaji. Na ce mata, “Inna, don Allah ki ba ni sauran in kai wa wani a ƙauye ya shuka mana a gona.”

Ta ce, “Ba ya zuwa ko'ina. Inda nike, nan za shi hito.”

“To in ya ƙare fa?”

Ta kwance tsumman ta duba, ni ma na leƙa. 'Yan ƙwayoyi ne suka saura, kuma sun fara baƙi. Iri ba ya jiran mutum har abada, wannan kowa ya sani. Ta mayar da ƙullin, sai raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Cikin sanyin shekarar nan na hau kabu-kabu na tafi Jiratawa barkar haihuwa a gidan wata 'yar ƙanwar Inna da ta samu jika. Na yi sammako, na iske ta tana garka, wato lambunta, sai na bi ta can. Duk wanda ya san Jiratawa ya san garakenta: zogale layi-layi, an datse shi daidai ƙugu, kore shar, ba ka ganin fure ko ɗaya. Muna cikin tafiya a kan kunya sai na ji wani ƙugi, ƙasa-ƙasa, kamar injin ban ruwa a nesa. Na ce, “Wa ya tada inji?” Ta yi dariya ta nuna min wata garka da baki.

Garkar wani tsoho ce da ciwo ya kwantar, 'ya'yansa kuma suna ci-rani. Ba wanda ya datse masa zogale, sai ya tafi sama abinsa, ya fi mutum biyu tsawo, ya yi fari fat da fure. Albasar da ba a cire ba ta fitar da kawuna. Ɗoɗɗoya ta yi daji. 'Yar'uwar tawa ta ce, “Dubi asara! Kowa ya wuce sai ya yi tsaki.”

Ni kuwa na kasa ɗaga ƙafa. Ƙudan zuma ne, ba iyaka. Kowane reshe motsi yake, ƙamshi ya cika wurin, ƙugin nan har a ƙirjina nake jin sa. Na girma ina ganin amya a saman gawo, na sha zuma ba adadi, amma wallahi ban taɓa tsayawa na kalli masu yin ta suna aiki ba. Ba mai ture wani, ba mai hutawa. A bakin shingen akwai kabewar maƙwabcin tsohon, ta yi 'ya'ya har sun danne shingen. Na durƙusa. Ina kallo wani ƙuda ya shige cikin fure, ya juya, ya fito jikinsa duk gari ruwan ɗorawa, ya tashi da ƙyar, ya faɗa cikin wani furen mai ƙululu a gindi. Tsigar jikina ta tashi. Mun zana wannan abin a lakwal, makarantar boko, muna yara, fure da ƙwaro a kansa, na ma ci maki mai kyau, amma ban taɓa haɗa zanen da miyar gidanmu ba. Na ce, “Ikon Allah!” da ƙarfi, har 'yar'uwata ta ɗauka harbina aka yi.

A hanyar dawowa na yi ta lissafi a raina. Yaushe rabon da in ga ƙudan zuma a gidanmu? Me zai kawo su? Unguwar siminti da kwano, kowace mace tana tsinke nata tun kafin ya yi fure, ga fiya-fiyar da maigida ke fesawa a tsakar gida saboda sauro. Kabewar Inna takan buɗe fure da asuba ta rufe da hantsi, ba wanda ya san da ita.

Ina shiga gida na kafa doka. Daga yau ba mai datse zogale, ba mai tsinke kan ɗoɗɗoya. Maigida ya ce, “To, yau kuma me aka ci a Jiratawa?” Na ce ya ajiye fiya-fiyarsa, akwai sange, gidan sauro, a kowane ɗaki. Ya yi gunaguni na kwana biyu ya haƙura. Na samo dashen lalle na sa a kusurwa, na watsa riɗi a gefen katanga, na binne albasa don ta fitar da kai. Na ɗauki tsohon kasko na zuba ruwa, na jera tsakuwa a ciki don su sami wurin sauka kada su nutse.

Rigimar da Inna na yi ta. Na yi mata bayani, ta saurare ni tsaf, ta ce, “Ke ɗiyar nan, ƙuda ne za shi yi wa kabewa ciki? Mi ba mu ji ba!” Ba gardamar ce ta dame ni ba, hannunta ne. Hannun Inna ba ya iya wuce shuka bai tsinka ba. Tana tafiya alwala za ta ƙwace kan ɗoɗɗoya, ita kanta ba ta san ta yi ba. Wata rana na fito daga ɗaki na iske ta da wuƙa ta rage wa zogale rassa, ta cika faifai. Na ɗora hannu a ka.

“Haba Inna! Haba! Wa nake yi wa wannan wahalar?”

“Ganye na tsuhwa ina kallo? Ni ba a haihe ni haka ba.”

Ranar mun ci kwaɗo ba mai yi wa wani magana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne fita sayen zogale alhali ga shi tsaye a gidana. Maƙwabciyata ta hango shi ya wuce katanga, ta ce, “Maman yara, lafiya dai? Ko wuƙar ce ta ɓata in aro miki?” Na ce ta riƙe abarta.

Ruwan kaskon ne ya fara kawo ƙudan zuman. Da bazara ta tsananta, wata safiya na ga guda biyu a kan tsakuwar kaskon, sun kafa kai suna sha. Na tsaya cik da tsintsiya a hannu, ko numfashi mai ƙarfi ban yi ba. Washegari suka dawo da wasu. Ta ina suka sani? Wa ya gaya musu akwai kasko a bayan ɗakin wata mai ɗinki, a tsakiyar hayaniyar babura? Har yau ban san inda gidansu yake ba, ko kogon wata bishiya ne a bakin gulbi, ko rufin wani tsohon gini. Da zogalen ya yi fure, lalle ya bi baya, sai suka mai da gidan hanya, suka zama baƙinmu na kowace safiya. Idon Inna ya riga ya yi rauni a lokacin, ba ta ganin su sosai, amma tana jin su. Takan ja tabarma ta zauna kusa, tana saurare. Rannan na ji ta ce, ba da ni take ba, “Haka bayan ɗakin uwata ke yi da sahe.” Tun daga ranar hannunta ya daina kai wa shuka.

Da ruwan shuka ya sauka, ta kwance tsumman. Na ce mu rage ko kaɗan. Ta ce wanda aka rage ba zai kai baɗi da rai ba, ta zuba duka a ƙasa ta yi bisimilla. Ta kakkaɓe tsumman ta ninke shi babu komai a ciki. Mafi yawansu ba su fito ba. Gindi biyu ne suka tsiro, tsutsa ta cinye ɗaya.

Na tashi da ɗayan nan na kwanta da shi. Ya yi yaɗo, ya hau rumfa, ya yi ta fitar da furanni marasa ƙululu, har na fara cewa ko wannan duk maza zai haifa. Sai ga mai ƙululu ya kunno, muka yi ta jiran ranar da zai buɗe. Ya tashi buɗewa kuwa sai a safiyar da aka wayi gari da yayyafi. Garin ya yi luf, ga sanyi, ba ƙuda ko ɗaya. Furen ya buɗe baki yana jira, ni kuma na san hantsi na yi zai rufe, ba zai ƙara buɗewa ba. Na zaga, na dawo, na ɗaga kai na duba sama, na yi wa yara tsawa ba su yi komai ba. Inna tana zaune a bakin ƙofa da carbi, ta ce, “Zamna, kina kore su.”

Yayyafin ya ɗauke, rana ta ɗan leƙo. Inna ce ta fara ji. Ta ɗaga yatsa ta ce, “Ga su nan.” Suka sauka a kan riɗi da ɗoɗɗoya tukuna, kamar ba su ga kabewar ba. Can sai ɗaya ya ratse ya shiga namijin fure, ya daɗe a ciki, ya fito ya yi butu-butu da gari. Ya yi shawagi, ya wuce, ya dawo, ya faɗa cikin namu. Na zauna a ƙasa cikin laka. Hawaye kawai nake yi. Abu ɗan mitsitsi haka, bai san Inna ba, bai san kakata ba, abincinsa kawai ya zo nema.

“Ya shiga?” in ji Inna.

Na ce, “Ya shiga, Inna.”

Ƙululun bai faɗi ba. Ya yi ƙwari, ya miƙe wuya, ya yi nauyi har sai da maigida ya ɗaura masa tsumma a rumfa don kada ya tsinke. Wasu ma suka biyo bayansa. Da kaka ta yi, Inna ta ce a kawo mata na farin. Ita ta fasa shi da kanta, ja jawur kamar yadda na san shi tun ina yarinya. Ta hana a ɗora tukunya sai da ta kwashe irin tas, ta wanke, ta shanya a faifai a inuwa.

Da ya bushe ta kira ni, ta shimfiɗa tsohon tsumman a cinyarta ta zuba. Na miƙa hannu zan taya ta ƙullewa, ta ce in dakata. Ta tashi da sandarta ta lallaɓa zuwa bayan ɗaki. Ta murzo busasshen kan ɗoɗɗoya, ta ɓaro riɗi, ta karyo ƙwanson zogale guda, ta dawo ta haɗa su duka da irin kabewar, sannan ta ƙulle. Ta kamo hannuna ta danƙa mini ƙullin, wanda tun zuwanta ba ta taɓa barina na riƙe ba.

Ta ce, “Uwata kabewa kaɗai ta ba ni, don can ba a rasa hure ba. Ke in za ki ba ɗiyarki, ki ba ta har da na baƙin.”